Manhajarmu ba ta ƙare ba, mu shiga gasar baje dabaru? Amsa ga wani ƙanena a Maraɗi

Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ka gama karatun kwamfuta a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kai da abokinka kuna da dabarar wata manhaja ta salula wadda za ta maye wa masu shago gurbin littafin bashi, ta kuma riƙa tuna wa mai cin bashi in lokacin biya ya yi. Kun ga sanarwar wata gasa, irin wadda ake ba mutum minti uku ko biyar ya tsaya gaban alƙalai ya baje dabararsa, wanda ya yi zarra a ba shi kuɗi. Manhajar ba ta kammala ba, ba ku yi wa kamfani rajista ba, abokin naka kuma yana tsoron in kun faɗi sirrin a bainar jama'a wani mai hali ya ɗauke ya riga ku. Kana so ka san ko ku shiga, in kuma za ku shiga, me alƙalan suke nema.

Ku shiga. Amma akwai aikin da za ku yi kafin ranar, a cikin kasuwa yake, kuma shi zai ci mafi yawan amsata. Na taɓa tsayawa kan wannan dandamali muryata na rawa, daga baya kuma na zauna a kujerar alƙalai fiye da sau ɗaya, a nan gida da kuma Yamai, don haka na ga abin ta fuska biyu.

Bari mu kawar da maganar sata tukuna, don ita ce ke hana matasa da yawa motsi. Ka faɗa wa abokinka cewa dabarar littafin bashi a waya ba sirri ba ce. A Indiya akwai Khatabook da OkCredit, an yi Kippa a Najeriya, duk a kan wannan buƙata aka gina su, kuma sun samu masu zuba jari na miliyoyin dalolin Amurka. Wannan bai kamata ya karya muku gwiwa ba, shaida ce cewa matsalar ta gaskiya ce. Abin da ba wanda zai iya ɗauka daga bakinku cikin minti uku shi ne sanin yadda mai shago a unguwar Sabon Gari ko ta Zariya a nan Maraɗi yake ba da bashi, da wa yake ɗaga wa ƙafa har girbi, da wa ba ya iya tunkara da maganar kuɗi saboda surukinsa ne. Ta fuskar doka ma, ƙungiyar OAPI ta kare mallakar fasaha, mai hedkwata a Yawunde, wadda Nijar take ciki, ba ta ba da takardar mallakar ƙirƙira a kan tsurar dabara. Rubutun manhajarku yana ƙarƙashin haƙƙin mawallafi, sunan da tambarin kuma kuna iya yi musu rajista. Saboda haka kada ku nemi alƙalai su sa hannu a takardar riƙe sirri, ba za su sa ba, kuma neman zai nuna musu cewa ku sababbin shiga ne. Ku faɗi abin da manhajar take yi da wanda take yi wa. Rubutun cikinta da lambobin wayar masu shagon da kuka tara, waɗannan ku riƙe abinku.

To, me alƙali yake ji a ranar? Ka ɗauka ya zauna tun hantsi, mutum ashirin sun wuce gabansa. Kusan kowa da jimla ɗaya yake farawa: Nijar tana da mutane fiye da miliyan 25, in muka samu kashi ɗaya cikin ɗari kawai, mun yi arziki. Daga nan sai hotunan allon waya masu kyau, sai jadawalin riba na shekara biyar da ke hawa sama kamar tsani. Duk wanda ya taɓa sayar da ko da ashana ya san wannan kashi ɗayan ba ya zuwa da kansa, mutum ɗaya-ɗaya ake shawo kansa. Abin da ke sa alƙali ya ajiye wayarsa ya ɗago kai shi ne ya ji an ce: mun je shago talatin, sha biyu sun yarda sun gwada, bayan wata ɗaya takwas suna nan suna amfani da shi, uku sun biya mu daga aljihunsu. Lambobin ƙanana ne, amma gani ya kori ji. A matakin da kuke, ba wanda yake sa ran ganin riba. Ana so a ga alamar cewa wani da ba ɗan'uwanku ba ya damu da abin har ya ciro kuɗi.

Za ka ce ta yaya za a gwada manhajar da ba a gama ba. Ba ka bukatarta don gwajin farko. Ka sami masu shago goma ko sha biyar, ka ce musu na wata ɗaya kai ne manhajar. Kowane maraice su turo maka da saƙon murya ta WhatsApp, wane ya karɓi kaza, wance ta biya kaza, kai kuma ka rubuta a jadawali, ranar da aka yi alkawari ka tura wa mai bashin tunatarwa da sunan shagon. Aiki ne mai gajiyarwa, amma cikin sati biyu zai koya maka abin da wata shida gaban kwamfuta ba zai koya maka ba. Za ka tarar wasu masu shagon da ajami suke rubutu, wasu da alamomin da su kaɗai suka gane, wasu kuma kansu ne littafin. Za ka tarar wayar mai gidan ƙarama ce mai maɓallai, babbar wayar tana hannun yaron shago, kuma mai gida ba lalle ya so yaronsa ya riƙe masa asirin masu bashi ba. Za ka tarar lissafin a dala da jikka ake yin sa, ba da tamma ɗaya-ɗaya kamar yadda aka koya mana a lakkwal ba, mai sayo kaya daga Jibiya ko Katsina ko Kano kuma yana haɗa sefa da naira a shafi ɗaya, farashin canji yana motsi a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka nauyi, wato kunya. Bashi a wurinmu rufin asiri ne. Magidancin da ya karɓi tiya biyu ta hatsi da sukari sai ƙarshen wata, ba ya so saƙo ya faɗo a waya ɗansa ya karanta masa a gaban iyali cewa ana bin sa. Mai shago ma ya san in ya matsa ta wannan hanya, yana iya karɓar kuɗinsa ya rasa mai sayayya na shekara goma, wanda kuma za su haɗu a sahu ɗaya da asuba. Wataƙila gwajin ya nuna muku cewa tunatarwar, wadda kuka ɗauka ita ce zuciyar dabarar, ita ce mutane suka fi gudu, abin da suke so kawai shi ne kada lissafi ya ɓace in littafi ya jiƙe ko yaro ya bar aiki. In ka hau dandamali ka ce da farko mun zaci kaza, masu shago suka nuna mana ba haka ba ne, sai muka canza zuwa kaza, wallahi ka fi wanda ya zo da manhaja gamammiya da ba wanda ya taɓa. Alƙalai sun san dabarar farko kusan kullum tana canzawa. Abin da suke aunawa shi ne ko ku mutane ne masu sauraro.

Sai lissafi, inda na ga masu hazaƙa da yawa sun faɗi a lokacin tambayoyi. Ba jadawalin shekara biyar nake nufi ba, lissafin shago guda. Mu ƙaddara za ku karɓi dala ɗari a wata daga kowane shago, wato sefa 500. Mu ƙaddara kuma kowane saƙon tes yana cin ku dala uku, shago ɗaya yana tura arba'in a wata. Dala ɗari da ashirin ke nan, sefa 600. Kun ga kowane sabon shago asara yake ƙara muku, in kuka yi nasara sai ku fi saurin durƙushewa. Ban ce waɗannan ne ainihin farashin ba, ku je ku tambayi kamfanonin waya ku sa na gaskiya. Amma ku yi wannan lissafi kafin alƙali ya yi muku shi a gaban jama'a. Ku kuma amsa wa kanku yadda dala ɗarin za ta iso hannunku: ta Airtel Money, ta Nita ko Amana ko Al Izza, ko kuwa mutum zai hau kabu-kabu yana bin shaguna yana karɓa, man babur ɗin ya cinye kuɗin? In shago ɗari biyu suka biya, jikka ɗari ke nan a wata. Ta ishe ku biyu, da kuɗin intanet da na ajiyar bayanai? In ba ta isa ba, shago nawa ake bukata, kuma ƙafar wa za ta kai gare su? Su Khatabook da na ambata a sama ma a nan suka sha wuya, samun masu sauke manhaja kyauta ya zo musu da sauƙi fiye da samun masu biya.

Tambayoyi biyu na doka ma suna iya fitowa. In kun ce nan gaba mutane za su riƙa biyan bashin ta cikin manhajar, kuɗin ya kwana a hannunku, kun shiga hurumin babban bankin BCEAO, kuma ba a yin wannan sai da izini ko haɗin gwiwa da mai izini. Sannan sunayen mutane da lambobinsu da bashin da ke kansu bayanan sirri ne, akwai hukumar HAPDP da ke kula da kare su a ƙasar nan. Ba a sa ran kun warware komai, amma a ji kun san da zamansu.

Game da minti ukun kansu, ba zan tsawaita ba. Ka fara da mutum ɗaya da asararsa: mai shago da littafinsa ya lalace a damina, bashin jikka kaza ya bi ruwa. Amma ya zama labarin da ka ji da kunnenka. Daga nan ka nuna abin da kuka yi, da abin da ya faru da kuka gwada, da yadda kuɗi zai shigo, da dalilin da ya sa ku biyun nan ne za ku iya, sannan ka faɗi abin da za ku yi da kyautar dalla-dalla. "Za mu bunƙasa kamfani" ba amsa ba ce. "Za mu gama manhajar da ke aiki ko babu rezo, mu ɗauki mutum ɗaya ya bi shaguna ɗari cikin wata shida" amsa ce. Shafukan da za ka haska a allo kada su wuce goma, rubutu kaɗan, manya-manya. Kada ka dogara da intanet ɗin zauren ko da wutar lantarki, ka ɗauki bidiyon manhajar na daƙiƙa talatin ka ajiye a kwamfuta da waya da kuma ɗan makullin ajiya na USB. Na ga yarinya mai dabara mai kyau ta cinye rabin lokacinta tana jiran shafi ya buɗe, har yau abin yana damuna. Mutum ɗaya ya yi magana, ɗayan ya taimaka wurin amsa tambaya. In an tambaye ka abin da ba ka da amsarsa, ka ce ba mu gwada wannan ba tukuna, ga yadda za mu gwada. Ƙirƙiro lamba nan take shi ne abin da ya fi saurin zubar da mutum, don cikin alƙalai akwai wanda ya san gaskiyar lambar.

Harshe kuma: yawancin gasannin Yamai da Faransanci ake yin su, na ƙetare da yawa da Ingilishi. Shawarata ka fara gina jawabin da Hausa. Ka yi wa mahaifiyarka ko wani dattijo a kasuwa, in ya iya maimaita maka abin da kake sayarwa da wanda zai saya, jawabin ya nuna, sai ka juya shi. Da yawanmu muna ɓuya a bayan manyan kalmomin Faransanci, sai an ce mu faɗa da Hausa mu gane ba mu san abin da muke nufi ba.

Yanzu gasar kanta. Ba duka ɗaya suke ba, kuma sharuɗɗan da ke ƙasan sanarwa sun fi hoton kyautar muhimmanci. Akwai masu ba da tallafi wanda ba a mayarwa. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara shirinta a 2015 da alkawarin dalar Amurka miliyan 100 cikin shekara goma don ƴan kasuwa 10,000 a faɗin Afirka, wanda aka zaɓa yana samun horo da jarin dala 5,000, wajen sefa miliyan uku, kuma ana karɓar wanda yake matakin dabara. A farkon shekara ake buɗe rajista, ta intanet, ba sai ka bar Maraɗi ba. A gida akwai E-Takara, wadda hukumar ANSI ta gwamnati, mai kula da fasahar sadarwa, ta kawo don masu fasahar zamani, akwai kuma cibiyar CIPMEN a Yamai da ke renon ƙananan kamfanoni tun 2014. Akwai waɗanda ba naku ba ne tukuna: gasar Africa's Business Heroes ta gidauniyar Jack Ma tana raba dala miliyan ɗaya da rabi tsakanin mutum goma, amma tana neman kamfanin da ya shekara uku yana aiki yana samun kuɗin shiga. Kada ku ɓata sati biyu kuna cika takardun da sharaɗin farko ya riga ya fitar da ku.

Akwai kuma masu ba da kuɗi su karɓi kaso na kamfani. Wannan ciniki ne, kuma ba laifi ba ne in an san farashi. Y Combinator ta Amurka, wadda aka kafa a 2005, tana zuba dala 500,000, daga ciki 125,000 a madadin kashi 7 cikin ɗari, sauran kuma ya zama hannun jari nan gaba. Ta nan Paystack ta Legas ta bi a 2016, kamfanin Stripe ya saye ta a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200. Na kawo wannan ne don ka sami ma'auni. In wani ya ce zai ba ku miliyan ɗaya na sefa ya karɓi kashi 40, ka san ya saye ku da araha, kuma duk mai zuba jari na gaskiya da zai zo daga baya zai ja da baya in ya ga masu aikin ba su da rinjaye a abin da suke wahala a kai. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, don haka ka karanta kafin ka karɓa.

Ka duba waɗannan a takardar: kyautar tsabar kuɗi ce ko "horo da rakiya da darajarsu ta kai kaza"? Lokaci ɗaya za a biya ko kashi-kashi, kuma da wane sharaɗi? Sai mai rajistar kamfani da asusun banki ake ba? Wa zai biya kuɗin mota da masauki, tunda tsakaninmu da Yamai ya fi kilomita 600? Akwai layin da ya ce masu shirya gasa suna da haƙƙi a kan abin da aka gabatar? In akwai, ku bar ta. Wadda kuma ta ce ka biya kuɗi mai yawa kafin a saurare ka, ko wadda ake cin ta da yawan masu danna maka a Facebook, ba dabararka take aunawa ba.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni, don shi ya sa nake nanata maganar kasuwa. Shekarun baya na ci wata gasa da manhajar da za ta riƙa sanar da manoma farashin wake da aya a kasuwannin jihar nan. Jawabina ya yi kyau, an tafa, an ɗauke ni hoto da babban allo mai ɗauke da adadin kuɗin. Kuɗin bai fito ba sai bayan wata da watanni, rabi tukuna, na riga na ci bashi a kansa. Amma jinkirin ba shi ya kashe aikin ba. Da na kai abin karkara sai na tarar manomi ya riga ya san farashin, ƙaninsa yana kiran sa daga kasuwa. Damuwarsa ita ce bukata ta tilasta masa sayarwa da kaka lokacin da kaya ke araha, ba shi da inda zai ajiye ko abin da zai ci kafin farashi ya tashi. Na gina amsa ga tambayar da ba wanda ya yi. Alƙalai biyar a zaure mai sanyi sun yarda da ni, ni kuma na ɗauki yardarsu a matsayin yardar manoma. Shekara guda ta tafi a haka, kuma da na yi sati biyu a Tibiri ko Agye ina tambaya kafin in rubuta layi ɗaya, da ban yi wannan asara ba.

Abin ba a kaina kaɗai ya tsaya ba. A taron TechCrunch50 na 2008 a Amurka, wata gasa ta sababbin kamfanonin fasaha, Dropbox ta hau dandamali ba ta ci ba, Yammer ce ta ɗauki kyautar. Yammer ta yi nasara, Microsoft ta saye ta a 2012 a kan dala biliyan 1.2, amma Dropbox da aka tsallake ta zo ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Hukuncin alƙalai ra'ayin mutane kaɗan ne a rana ɗaya. Kuma ina so ka kiyayi wata cuta da na gani a tsakanin matasanmu: mutum ya ƙware a cin gasa, daga wannan zaure zuwa wancan, da jawabi ɗaya shekara huɗu, yana canza masa riga gwargwadon abin da masu ba da kuɗi suke so a bana, yau noma, gobe sauyin yanayi, jibi mata da matasa. Yana samun na cefane, amma ba shi da mai saye ko ɗaya. Abin yana ba ni tausayi, don galibi su ne masu basirar da za su iya gina abu na gaske.

Misalin da nake so ka riƙe na gida ne. Abdou Maman Kané, ɗan ƙasar nan, ya ci kyauta ta farko a gasar kamfanin Orange ta ƴan kasuwar Afirka a 2011, yuro 25,000, fiye da sefa miliyan 16, da dabarar ban-ruwa daga nesa, inda mai lambu yake kunna famfo ya kashe da kiran waya. A 2015 kuma ya karɓi babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na Biyu na Maroko. Ka lura da abin da ya kai gaban alƙalai: wahalar da kowane mai lambu a Jiratawa zai gane nan take, da kuma magani da ke aiki da wayar da ke aljihun manomi tun da ma.

Kafin ku hau dandamali, ku zauna kai da abokinka ku rubuta yarjejeniya, ko a takarda ɗaya ce, da shaidu biyu. Kason kowa nawa ne, wa ke yin me, in an ci kyauta ta kamfani ce ko rabawa za a yi, in ɗaya ya samu aikin gwamnati ko na wata ƙungiya ya tafi bayan wata uku, me zai bari, me zai ɗauka. Yanzu da babu ko dala maganar tana da sauƙi. Ranar da miliyan biyu suka shigo, abota tun ta firamare tana iya tsinkewa a kanta, na ga haka da idona. Rajista kuwa kada ku yi gaggawarta sai gasar ta wajabta ko kun fara karɓar kuɗi sosai, don da zarar kun sami lambar rajistar kasuwanci (RCCM) da ta biyan lanfo (NIF), maganar lanfo da kai rahoto ta hau kanku. In lokacin ya yi, ku je ofishin ƴan kasuwa da masana'antu su nuna muku hanya.

Akwai wani dandamali kuma da ba a buga sanarwarsa, kuma mu ƴan Maraɗi mun fi kowa kusa da shi. Garin nan alhazai suka gina shi da fatauci, tun zamanin gyaɗa har zuwa kasuwancin kan iyaka, kuma tsarin uban gida ya ba yaronsa jari a raba riba ya girmi duk wata gasa. Babban ɗan kasuwa mai ba ƙananan shaguna hamsin kaya bashi yana da ciwon da manhajarku take magani fiye da kowane mai shago guda, don kuɗinsa ne ke warwatse a gari. In ya gamsu, kalmarsa ɗaya za ta sa shaguna hamsin su gwada, abin da ku za ku yi wata uku kuna bi. Shi ba zai kalli allo ba. Zai ba ka minti biyu bayan la'asar, ya tambaye ka ɗan wane ne kai, nawa zai rage masa asara, in abin ya lalace wa zai kira. Ka nemi wanda zai kai ka gabansa, ka je da ladabi, kada ka fara da neman kuɗi, ka nemi izinin gwadawa da yaransa biyar. In daga baya ya so sa jari, ku rubuta komai, ku fayyace cewa tarayya ce ta riba da asara, don kada ranar da abu ya yi tsami ya ce bashi ya ba ku.

A ranar gasar, ko an kira sunanku ko ba a kira ba, kada ku fice da an tashi. Ku bi alƙalin da ya fi matsa muku da tambaya, ku gaishe shi, ku ce Malam, mene ne abu ɗaya da ya hana ka gamsuwa? Ku rubuta amsar a gabansa, ku nemi lambarsa, bayan wata biyu ku tura masa saƙo gajere: ka ce mana kaza, mun gwada, ga abin da ya fito. Mutane kaɗan ne ke yin haka, kuma ta wannan hanya na ga an samu mai ba da shawara, an samu kwangilar farko, har da mai zuba jari.

Ka ce saura sati biyar a rufe rajista. Ku ba kasuwa huɗu, ku bar ɗaya don takardu da atisayen jawabi. In kun tara abin da masu shagon suka faɗa muku, har da na waɗanda suka ƙi, ka turo mini in duba kafin ku aika. Allah ya ba da sa'a, ka gaishe mini da abokin naka.